Ranar Da Na Shafe Fuskar Mama Hannatu

Ran Talatar nan wata yarinya ta faɗo shagona a Unguwar Mu'azu, ko sallamar kirki babu, waya a hannu, cingam a baki. Wai ta zo ne in ba ta horon kwana uku in haɗa mata da satifiket, don ranar Asabar tana da amarya. Na ce, "Amaryar wa?" Ta ce ƙawar yayarta. Na ce, "Kin taɓa yi wa wani kwalliya?" Ta ce, "Anti, ai ba wani abu ba ne, na gani a waya. Hannu kawai nake so ki ɗan gyara min." Sai da na ajiye buroshin da ke hannuna, don na san halina. Shekara goma sha tara ina tsaye a kan fuskokin mutane har jijiyoyi suka fito min a ƙafa, yau wata ta zo har shagona ta ce min ba wani abu ba ne.

To ita da ire-irenta, ku saurara, tunda dai kun iya karatu. Wadda kuke kallo a waya, fuskarta take yi wa kwalliya. Tana zaune a ɗakinta, fitila a gabanta, fanka a kanta. In ta ɓata ta wanke ta sake, ta yanke wurin ɓarnar ba ku gani ba. Ku kuwa fuskar wata za a miƙo muku, a ranar da ba za a sake ba, ana zafi, an ɗauke wuta, gwaggonni biyar suna tsaye a kanku kowacce da nata ra'ayin, mota kuma tana ta ham a waje.

Ni a Kakuri na koya, wajen Madam Nkechi. Ibo ce, amma a Kaduna aka haife ta, in ta tashi yi maka faɗa da Hausa sai ka rantse a Tudun Wada aka yanke mata cibi. Wata shida na farko ban taɓa fuskar ɗan Adam ba. Buroshi nake wankewa. Babban na hoda, mai kaifin nan na gira, ƙananan na ido guda biyar, kowanne a ruwan ɗumi da sabulun salo, in murza a tafin hannu har ruwan ya fito fes. In shanya su kai a ƙasa, don in ruwa ya sauka cikin wuyan buroshi gam ɗin saki yake yi, gashin ya riƙa zuba a kumatun mutane. Soso a jiƙa shi a matse har ya daina ɗiga. Jagira a fiƙe ta da sabuwar reza kafin kowace fuska. Sandar kwalli kuwa ba ta fita daga idon wata ta shiga na wata, don Madam ta taɓa ganin an raba wa ƙawayen amarya ciwon ido da sanda ɗaya. In na gama ta ɗauki buroshi ta kai hanci. Ta ji ko ɓurɓushin ƙanshin hoda, sai ta wurgo min shi cikin roba. "Oya, koma."

Da ta fara barina in tsaya a gefenta, abu biyu ta dinga dasa min a kai har na gaji da ji. Na farko, a kai fuska bakin ƙofa. Fuskar mutum ba kala ɗaya ba ce: goshi daban, kumatu daban, wuya daban. A lokacin fankeke muke amfani da shi, hodar nan mai kauri da ake shafawa da jiƙaƙƙen soso. Madam takan ja layi uku a muƙamuƙin mace, kala uku, ta tashe ta tsaye ta kai ta bakin ƙofa inda hasken rana yake. Layin da ya ɓace a fata, shi ne nata. Ƙwan lantarki ƙarya yake yi, kuma duk abin da kika ɓoye a ɗaki, fitilar mai hoto za ta tona shi.

Na biyu tambaya ce. Kafin ta buɗe akwati takan dubi mace ta ce, "Me zan bar miki?" Ni a lokacin dariya take ba ni. Mutum ya zo a gyara shi, ke kuma kina tambayar abin da za ki bari? Amma sai ka ji mata suna amsawa. Wata ta ce tawadar Allah da ke gefen hancinta, mijin da za ta aura da ita yake tsokanarta. Wata ta ce kar a taɓa girarta, irin ta babanta ce. Wata ta ce a rufe komai, sai a rufe. Ni dai ina tsaye ina ganin ɓata lokaci ne irin na manya.

Masu zuwa kwalliya kuma, Allah ya ba ku haƙuri da su, don ni nawa ya kusa ƙarewa. Akwai mai zuwa da hoton wata a waya ta ce haka take so ta fito, alhali ko hanci ba su haɗa ba. Akwai wadda ta sha man bilicin, fuska kamar gwanda, gaɓoɓin yatsu kamar gawayi, ta ce ki haɗa mata su su zama ɗaya. Akwai wadda aka cire wa gashin fuska da halawa jiya da yamma, fatar tana raɗaɗi, ba za ta faɗa miki ba sai kin shafa ta fara ƙuraje a gabanki. Duk waɗannan ana koyon zama da su. Ki tambaya, ki duba, in abin ba zai yiwu ba ki ce ba zai yiwu ba, ko za ta zage ki ta fita.

In ana hirar mugunyar shekara a sana'ar nan, kowa shekarar kullen korona yake kawowa. Gaskiya an sha wuya. Aka hana taro, kowa ya ɗaure baki da takunkumi, wa zai sa jan baki? Kayana suka lalace a cikin akwati, faundeshan, hodar ruwan nan, ya raba mai da ruwa, na kwashe da hannuna na zubar a kwata, don abin da ya lalace ba ya hawa fuskar mutum a shagona. Zoɓo na koma sayarwa a ƙofar gida. Da aka buɗe gari kuma sai na tarar kowane gida ya haifi mai kwalliya, duk sun koya a kwance a kan katifa. Amma wannan yunwa ce kawai, ta zo ta wuce. Tawa mugunyar shekarar ta riga ta da nisa, kuma ni na jawo ta da hannuna.

Wata malamar firamare ce daga Sabon Tasha, sunanta Rifkatu, ta zo shagon Madam saura mako biyu bikinta. Ina tsugune a kan robar buroshi, duk abin da ta faɗa a kunnena. Ta ce, "Madam, nawa mai sauƙi ne. Mamata nake so a kula min da ita." Uwar tana wani ƙauye can bayan Kafanchan, ta shekara tana ciwo, likitoci sun ce a koma gida a ci gaba da addu'a. Tun da aka haifi tsohuwar ba ta taɓa zama an ɗauke ta hoto ba, in ban da na katin zaɓe. Lokacin waya mai kyamara ba ta zo hannun irinmu ba, hoto sai an kira mai hoto da fim ɗinsa. Rifkatu ta riga ta gaya masa, bayan an fito daga coci ya zaunar da Mama ita kaɗai ya ɗauke ta, za ta sa a faɗaɗa ta rataye a falo. Ta ce, "Ban san ko za ta ga jikokinta ba. Ina so su dai su san fuskarta."

Na ji wannan maganar. Ina so ku riƙe cewa na ji ta, kar wani ya ce min ai ban sani ba.

Ranar Asabar ɗin bikin muka isa gidan a Sabon Tasha da sassafe, an riga an kawo Mama daga ƙauye. Ya cika maƙil, matan zumunta na cocinsu suna ta girki suna waƙa a tsakar gida. Manyan 'yan matan shagonmu biyu sun tafi wani bikin a Trikania, sai Madam ta rage ita kaɗai da amarya da ƙawaye shida. Ta miƙo min ƙaramin akwati. "Bilki, je ki yi wa Mama. Hoda kaɗan, man leɓe, ki gyara mata ɗaurin kai. Shi ke nan. Kin ji ni, abi?" Na ce na ji. Wannan ce fuska ta farko da aka taɓa sakar min ni kaɗai a wajen shago, kaina ya fasu tun kafin in kai ƙofar ɗakin.

Na sami Mama Hannatu a ɗakin baya, zaune a bakin gado, an riga an sa mata leshinta. Baƙa ce sosai, irin baƙin nan mai sheƙi, ciwo ya rage ta amma bai taɓa idonta ba. Girarta cike take, da ɗan furfura a ciki. A kowane kunci tana da zane uku, sirara, sun tashi daga gefen baki sun bazu zuwa kunne. Ta yi min murmushi ta ce, "Sannu 'yata. Ke aka haɗa da wahalar tsohuwa?"

Ni kuwa da na dube ta, aiki kawai na gani. Na ga baƙin da za a haska, na ga zanen da za a cike, na ga girar da za a rage. Ban kai ta bakin ƙofa ba, na ce a raina ai ba ta da lafiya, kar in tashe ta, alhali gaskiyar ita ce na riga na zaɓi kalar da nake so. Tambayar Madam kuwa ko tuna ta ban yi ba. Na ɗauko fankeken da ya fi fatarta haske da taki biyu, don a unguwarmu in ba ki haska mutum ba cewa ake yi ba ki iya ba. Na lakato da yatsa na dinga dannawa a cikin zanen nan, layi bayan layi. Na bi da hoda, na sake dannawa, na sake bi. Sau uku na yi, har kuncin ya zama sumul kamar bangon da aka yi wa filasta. Ina yi ina jin daɗin hannuna.

Sai na ɗauko reza. Yayin siririyar gira ake yi a lokacin. Na ce, "Mama, rufe ido." Da ta ji sanyin ƙarfe a goshinta ta ce, "Aski kuma, 'yata?" Na ce, "Gyara ne kawai, Mama." Na kwashe girar tas, na zana mata wata da jagira, siririya, a sama da inda Allah ya ajiye tata. Na rangaɗa mata jan baki ja wur, na ɗaura mata gwaggwaro na tura furfurar ciki.

Ta ce in ba ta madubi. Babban yana ɗakin amarya, sai na miƙa mata ɗan ƙaramin da ke murfin hoda. Ta daɗe tana kallo. Ta ɗaga hannu ta shafa kuncinta a hankali, daga gefen baki zuwa kunne, ta koma ɗaya kuncin ta yi haka. Sannan ta miƙo min madubin ta ce, "To. Sannu da aiki, 'yata." Wallahi yabo na ɗauka. Har yau in na tuna yadda na washe baki na ce "Yauwa Mama", ji nake kamar in koma in kwaɗa wa yarinyar nan mari.

Madam ta riga ta wuce da amarya a motar gaba. Ni na biyo a bas da akwati, na zauna a gindin mangwaro a harabar cocin ina jira. Da aka fito, mata suka yi caa a kan Mama Hannatu. "Kai, Mama ta koma budurwa!" "Wa ya yi wannan aiki?" Ina gefe ina ta kumbura. Mai hoto ya ɗauke ta da ango da amarya, sannan aka kawo kujera ya ɗauke ta ita kaɗai, kamar yadda aka gaya masa. Madam tana can tana gyara wa amarya mayafi, sai bayan fitilar ta haska ta juyo. Ban san lokacin da ta iso kaina ba, sai farcenta na ji a damtsena.

"Chineke! Bilki, wa ya aike ki?"

Ta so a goge a sake ɗauka. Amma rana ta riga ta bugi Mama, jiri ya kwashe ta, aka tallafe ta zuwa mota. Ko wajen liyafa ba ta je ba, washegari aka mai da ita ƙauye. Kuma ko da an goge fankeke, gira ba ta dawowa da tsumma.

Madam ba ta kore ni ba. Robar buroshi ta mai da ni, wata uku cur. Ni kuma, don ku ga iyakar wautata, fushi na dinga yi da ita. Ina wanki ina gunaguni, ina cewa baƙin ciki take yi don an yabi aikina a gaban jama'a.

Wata huɗu bayan bikin Rifkatu ta shigo shagon da baƙaƙen kaya, ambulan a hannunta. Madam ta tashi ta rungume ta, don tana gani ta gane. Rifkatu ta ce ba wajen Madam ta zo ba. Ta waiwayo ta ce, "Ke ce kika yi wa mamata, ko?"

Ta zaro hoton ta ajiye a kan tebur. Fuska fara fat kamar an tsoma ta a buhun fulawa, wuya da hannuwa baƙi, gira a can sama kamar an ba ta tsoro. Kyakkyawar mace ce a hoton, in dai ba ka san wadda aka zaunar a kujerar ba.

Ta ce tun ranar da aka wanko shi ta kasa ratayewa. Ta yi niyyar ta kai mai hoto ƙauye da Kirsimeti, in girar ta fito. Mama ba ta kai Kirsimeti ba. Su kuma a wajensu, in babba ya rasu, hotonsa ake bugawa a fosta da takardar addu'a da riguna, a kuma ajiye babba a gaban akwatin gawa, duk wanda ya zo ya yi masa kallon ƙarshe. Da ta rasa yadda za ta yi, sai ta kai wannan. Kawunta, yayan Mama, ya karɓa ya duba ya ce, "Matar wa ce wannan?" Da aka gaya masa, ya ce ba za a binne ƙanwarsa da fuskar baƙuwa ba. Zanen nan na gidan ubansu ne, irinsa ne a fuskarsa, kuma a cikin mata ita ce ta ƙarshe da take da shi, don yanzu ba a yi wa yara. Ƙarshenta hoton katin zaɓe aka faɗaɗa, ya fito dishi-dishi kamar ana kallonta ta cikin hayaƙi. Shi aka ajiye a gaban gawar.

"Shi dai ita ce," in ji Rifkatu.

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta dube ni ta ce, "Tambaya ɗaya na zo in yi miki. Me zanen ya yi miki?"

Me zan ce? In ce na ga ya yi kama da ƙauyanci? In ce so nake a ce na iya? Madam tana tsaye ba ta cece ni ba, kuma daidai ta yi.

Rifkatu ta turo min hoton da yatsa ɗaya. "Riƙe. Aikinki ne. Ni ban san matar nan ba." Ta gaida Madam ta fita.

Yanzu Rifkatu tana da 'ya'ya uku, na sani don nakan hango ta a kasuwar Sabon Tasha, in sauya layi. Yaran nan ba su san fuskar kakarsu ba sai a wani abu dishi-dishi, kuma ba ciwo ne ya jawo musu haka ba, ba mai hoto ba ne, ni ce da yatsana da reza. Shi ya sa in na ji wata ta ce kwalliya ba wani abu ba ne, jinina yake tafasa. In tela ya ɓata ɗinki a sayi wani yadin. Wannan fa? Wajen wa zan je in gyara?

Hoton yana manne a cikin murfin akwatin kayana. Akwati uku na canza, duk na ɓamɓare shi na mayar. Ba na taɓa fuskar kowa sai na buɗe murfin nan, kuma ba na ɗaukar soso sai na ce, "Me zan bar miki?" Ko amarya ta makara, ko ango yana ƙofa, sai an je bakin ƙofa an ja layi uku. Wadda ba za ta iya tashi ba, in ɗauki kujerarta da ita a kai.

Yarinyar ran Talata na gaya mata babu horon kwana uku a nan, satifiket kuwa ta je inda ake bugawa. In koyo take so, ga roba can, ga sabulun salo, ta fara yau, ta kuma kira yayarta ta ce a nemi wata don Asabar. Ta dubi robar, ta dube ni, ta ja tsaki. Ta juya za ta fita sai idonta ya faɗa kan akwatina a buɗe. Ta sunkuya ta leƙa.

"Anti, mamanki ce wannan? Kai, ta yi kyau fa! Kamar budurwa."

Na ce, "Ba uwar kowa ba ce. Ni na yi ta."

Ta ɗaga kafaɗa ta fita tana danna waya. Ranar Asabar tana da amarya, kuma amaryar tana da uwa.